An sace mini layi, an ci bashi da sunana, ta ina zan fara?

Tambayar da wata 'yar'uwa ta turo ce, na taƙaita ta. Ranar wata Juma'a da daddare sabis ya ɗauke a wayarta, ta ɗauka netwok ne kawai ta kwanta abinta. Sai Litinin ta je ofishin kamfanin layin aka ce mata ai tuni an sabunta layin an ba wani sabon sim da sunanta. Kafin nan an share abin da ke asusunta na banki, an shiga WhatsApp ɗinta ana roƙon mutane kuɗi, yanzu kuma ga wani kamfanin ba da rance ya dame ta da kira wai ta biya bashin da ko a mafarki ba ta ci ba. Tana so ta san ya aka yi suka samu bayananta alhali ba ta taɓa ba kowa lambar sirrinta ba, shin dole ne ta biya bashin, kuma ya za ta yi kar a kuma.

Toh 'yar'uwa sannu, Allah Ya mayar miki da alheri. Na daɗe ina aiki a sashen binciken damfara na wani banki, irin labarin nan naki na ji shi ya fi a ƙirga, kai har ranar ma ba ta ba ni mamaki ba, don sun fi son daren da za a wayi gari ofisoshi a rufe, su samu kwana biyu cur suna cin karensu ba babbaka ke kina can kina kashe waya kina kunnawa ko sabis zai dawo.

Bari in fara da abin da na san shi ya fi cin ranki, wato ya aka yi suka samu. Ki daina tuhumar kanki tukuna. Sunanki da ranar haihuwarki da lambar wayarki da adireshinki, har ma lambar katin shaidarki, kusan tabbas sun daɗe da fita daga hannunki ba da sakacinki ba. A 2013 an yi wa Yahoo kutse, sai a 2017 kamfanin ya fito ya amsa cewa duka asusun da yake da su ne abin ya shafa, biliyan 3, kuma cikin abin da aka kwasa har da tambayoyin tsaro da amsoshinsu. A 2017 ɗin aka fasa Equifax, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane a Amurka, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka tafi, dalili kuwa wani gyaran manhaja ne da aka fitar tun watan Maris su ba su saka ba. A 2021 wani ya zuba lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet kyauta, ko sayarwa bai yi ba. Waɗannan su ne manya da aka ji labarinsu. Ki ƙara da duk inda kika taɓa barin fotokwafin katinki, wajen neman aiki, asibiti, makaranta, otal, duk fom ɗin tallafi ko na kyautar data da aka turo a guruf kika cike. Ke kin manta, takardar ba ta manta ba.

Shi ya sa nake yawan gaya wa mutane, akwai bambanci tsakanin abin da ake gane ki da shi da abin da ake tabbatar da cewa ke ce. Suna da ranar haihuwa da lambar kati kamar lambar gida suke, duk mai wucewa zai iya karantawa. Masifar tana farawa ne idan wani kamfani ya ɗauki lambar gidan ya mayar da ita mukulli. Akwai wani ɗan jarida a Amurka, Mat Honan, abin da ya same shi a 2012 har yau da shi nake koyar da sababbin ma'aikata. Ba wanda ya fasa faswod ɗinsa fa. Waya kawai suka buga wa Amazon suka yi 'yan dabaru har suka ga lambobi huɗu na ƙarshen katin bankinsa, waɗanda Amazon ba ta ɗauke su a bakin komai ba, sai suka kira Apple, ita kuma a lokacin lambobi huɗun nan da adireshi sun ishe ta ta yarda kai ne mai asusun. Daga nan suka shiga imel ɗinsa, suka shiga Twitter, suka goge wayarsa da kwamfutarsa daga nesa, har da hotunan 'yarsa tun tana jaririya. Duk wannan ɓarnar sunansa na Twitter kawai suke so don gajere ne. Kinga abin da wani ya zubar a matsayin shara shi wani ya karɓa a matsayin shaida.

Naki ma haka ne. Wani ya je ko ya kira kamfanin layi da bayananki a hannu ya ce shi ne ke ko ɗan aikenki, waya ta ɓata a taimaka a sabunta. Ko dai ya yaudari ma'aikacin, ko kuma, kuma wannan yana faruwa fiye da yadda kamfanoni ke son a faɗa, akwai ɗan ciki da aka ba na goro. Da zarar sabon sim ya tashi naki ya mutu, duk wani tes da banki zai turo, duk wani kod na "na manta faswod", wayar ɓarawo zai faɗa. Bai buƙatar lambar sirrinki, sabuwa zai saita. Kuma ba wai rashin wayewa ba ne, Jack Dorsey yana shugaban Twitter a 2019 aka ɗauke masa layi ta wannan hanyar aka riƙa wallafa shirme da asusunsa a kamfanin da shi ya kafa.

Sai dai akwai tambayar da zan miki, ba sai kin amsa mini ba, ki amsa wa kanki. A 'yan kwanakin kafin abin ya faru ba wanda ya kira ki ya ce daga banki ko kamfanin layi yake, za a gyara miki wani abu, ki karanto masa wasu lambobi da suka shigo? Ba wanda ya ari wayarki? Ina tambaya ne don a cikin fayilolin da suka bi ta teburina ba kaɗan ba ne muka bi sawu muka tarar da ɓarawon a cikin gida yake, ɗan uwa ko ɗan aiki ko tsohon miji, wanda ya san sunan mahaifiya da ranar haihuwa ba sai ya saya ba. Ban ce ki fara zargin kowa ba. Kuma in ma kin karanto wa wani kod kar kunya ta sa ki ɓoye wa masu bincike, ni kaina da nake wannan aikin an taɓa kira na da yamma na gaji liƙis, lambar da ta fito a fuskar waya ta bankina ce sak, mutumin ya kira cikakken sunana ya ce ana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusuna yanzu yanzu, in karanto kod ɗin da ya shigo a tsayar. Wallahi sai da na karanta lambobi uku cikin shida sannan idona ya kai kan layin ƙasan tes ɗin inda aka rubuta kar a ba kowa. Lambar da ke fitowa a fuskar waya ana iya ƙirƙirarta, ba shaidar komai ba ce.

Yanzu maganar gyara. A nan jeri yana da muhimmanci sosai, don na ga mutane da yawa sun ɓata wuni guda suna canja faswod alhali layin na hannun ɓarawo, suna canjawa yana sake canjawa, ɗiban ruwa da kwando kenan. Layi za ki fara karɓowa, da ƙafarki, da katin shaidarki. Kina can kuma kar ki fito sai kin nemi su ba ki a rubuce ranar da aka sabunta layin da lokacin da kuma inda aka yi. Za su iya yi miki hanya hanya, ki nace, ko aƙalla su karɓi ƙorafinki su ba ki lambar ƙorafin. Wannan 'yar takardar ita ce uwar shaidunki gaba ɗaya, ita za ta nuna cewa lokacin da aka cire kuɗin da lokacin da aka ci bashin layin ba ya hannunki. Maganar banki kam ba ta jiran komai, tun kafin ki je karɓo layin ki ari wayar wani ki kira lambar da ke bayan katinki a yi bulokin kati da manhaja da cire kuɗi ta kod, duka, ko da kina ganin an riga an share asusun, don kuɗi na iya shigowa su sake kwashewa, ko su mayar da asusunki mashigar kuɗin wasu da suka damfara ki wayi gari ke ake nema.

Sai imel, wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne babban ɗaki, duk sauran asusunki ta cikinsa ake sake saita su. Canja faswod kaɗai bai isa ba. Ki shiga saiti ki fitar da duk na'urorin da ke ciki, ki duba lambar waya da imel na ko ta kwana ko an canja su, sannan ki duba ko an saka umarnin a riƙa tura kwafin saƙonninki wani adireshi. Wannan na ƙarshen shi ne tagar da suke bari a buɗe, mutum ya canja faswod sau uku yana mamakin ya aka yi har yanzu suna ganin komai.

WhatsApp mai sauƙi ne in layi ya dawo. Ki sake rajista da lambarki, kina saka kod ɗin mai lamba shida an fitar da shi. In ya riga ya saka nasa lambar tabbatarwa ta biyu za a sa ki jira kwana bakwai, amma shi dai ya fita. Kafin nan ki sa wani ya sanar da mutanenki kar wanda ya tura ko sisi.

Daga nan sai aikin takarda, wanda shi ne mai gajiyarwa kuma shi ne mai raba gardama. Ki kai rahoto wajen 'yan sanda ki karɓi kwafi. Na sani, za ki ce ai ba kama kowa za su yi ba, wataƙila haka ne, amma ba don kamun kike zuwa ba, don takardar kike zuwa, banki da mai bashi da ita suke aiki. Ki rubuta wa bankinki ƙorafi da hannunki ko ta imel, ki lissafo kowace fita ɗaya bayan ɗaya da rana da lokaci da adadi, ki ce ba ke kika yi ba, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Kuma da wuri. Kuɗin sata ba ya kwana wuri ɗaya, cikin mintuna ake farfasa shi a watsa asusu biyar goma na 'yan karɓa, kowace awa ta wuce damar riƙe wani abu tana raguwa. Doka ma a wurare da dama da agogo take aiki, misali a Amurka in katin cirar kuɗinka ya ɓata ka sanar cikin kwana biyu na aiki asararka ba ta wuce dala 50, in ka yi jinkiri tana iya kai 500, in ka bari kwana 60 suka wuce bayan an turo maka sitetimen kana iya rasa duka. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar amma ba inda jinkiri ke taimakon mai ƙorafi. In banki ya yi shiru ko ya ƙi, akwai hukumar da ke sa ido a kansa, can ake ɗaukaka ƙara, su kuma abin da za su fara tambaya shi ne ina shaidar kin fara kai wa bankin ƙorafi.

Ki sayi ɗan littafi na musamman saboda wannan. Ba na manta wata baiwar Allah da ta zo ofishinmu da littafin makaranta mai layi layi, ta ja masa ginshiƙai da biro, rana, ƙarfe nawa, wa ta kira, sunan wanda ya ɗauka, me ya ce, lambar ƙorafi. Manajanmu ya fara cewa ai ba ta sanar da wuri ba, ta lashi yatsa ta buɗe shafi na biyu ta karanto masa ranar da mintin da sunan yarinyar da ta amsa mata waya. Muka je muka jawo rikodin kiran, haka yake ba ƙari ba ragi. A makon nan wani mutum ya zo da irin matsalarta sak, abin da yake da shi kawai "wallahi na kira ku", bai san ranar ba bai san da wa ya yi magana ba. Nata aka fara warwarewa, ba don ta fi shi gaskiya ba.

Toh bashin fa. A'a, bashin da ba ki ci ba ba naki ba ne, amma kin san ba a wanke kai da rantsuwa a waya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gaji da kira da barazana ya ce bari in ba su wani abu su ƙyale ni. Kar ki biya ko kaɗan, don a wurare da yawa biyan wani ɓangare ana iya ɗaukarsa kamar kin amsa bashin naki ne. Ki rubuta musu cewa da sunanki aka yi sojan gona, ki haɗa kwafin rahoton 'yan sanda da takardar kamfanin layi, ki nemi su ba ki fom ɗin da aka cike da hoton da aka ɗauka da kuma asusun da aka tura kuɗin ciki. Sau da yawa a nan ƙaryar ke ƙarewa, hoton ba naki ba ne ko asusun ba naki ba ne. Ki nemi su tsayar da kira, kuma su ba ki a rubuce cewa sun cire sunanki. In suna turo zagi ko suna kiran 'yan uwanki ki yi sikirinshot ki adana, kar ki biye musu. Sannan ki nemi rahoton tarihin bashinki daga kamfanonin da ke ajiye shi a ƙasarki, don wanda ya ci bashi ɗaya da sunanki da wuya ya tsaya a ɗaya, wani sai bayan wata shida ko shekara zai ɓullo lokacin da kika je neman wani abu aka ce sunanki na cikin masu taurin bashi. A Amurka mutum na iya kulle tarihin bashinsa a Equifax da Experian da TransUnion, kyauta tun 2018, ta yadda ba mai buɗe sabon bashi sai ya buɗe kullen da kansa. In akwai makamancin haka inda kike, ki yi shi yau.

Maganar kar a kuma, ba zan miki alkawarin ba za a sake gwadawa ba, bayanan da suka fita sun fita ba a mayar da su. Abin da za ki iya shi ne ki sa su zama ba su da amfani. Ki tambayi kamfanin layinki ko suna da wata lambar sirri ko wani kulle da ake sawa a kan layi don kar a sabunta shi sai da ke. Ki kuma saka wa sim ɗin kansa lambar sirri a saitin waya, amma ki gane wannan maganin ɓarawon waya ne da zai cire sim ya sa a tasa, ba ya hana irin abin da aka miki, kuma in kika yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar buɗe sim da ake kira PUK, don haka ki ajiye katin da sim ya zo a ciki, a jikinsa take. Duk inda aka ba ki zaɓi ki cire tes daga zama mukullinki, ki koma manhajar da ke ƙirƙiro kod a cikin wayar kanta irin su Google Authenticator, kod ɗin na canjawa duk daƙiƙa 30 kuma ba ya bi ta layi, ko an ɗauke layin bai tafi da shi ba. Lambobin ko ta kwana da za su ba ki ki rubuta a takarda ki ɓoye, ba a hoton waya ba.

Faswod kuma, abin da ya fi kashe mutane ba gajartarsa ba ce, maimaita shi ne. An fasa wani ɗan ƙaramin shafi da kika yi rajista shekara takwas baya, sai na'ura ta ɗauki imel ɗin da faswod ɗin ta yi ta gwadawa a ko'ina. Na imel da na banki kowanne ya zama nasa daban, dogo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi suna da shekarar haihuwa da alamar mamaki a ƙarshe. Ba sai kina canjawa duk wata ba, wannan tsohon yayi ne, sai in akwai dalili. Akwai wani shafi, Have I Been Pwned, wani masanin tsaro ɗan Ostireliya Troy Hunt ya buɗe shi a 2013, ki saka imel ɗinki zai nuna miki kutsen da ya fito a ciki. Tambayoyin tsaro irin su sunan mahaifiya ko makarantar farko, ba wanda ya ce sai kin faɗi gaskiya, ki ƙirƙiri amsa ki rubuta ki ajiye. In za ki ba da fotokwafin kati ki rubuta a kansa da biro wa kika ba da dalili da rana, ta kan hoton yadda ba za a yanke ba. Tsohon layin da kika daina amfani da shi kuma ki tabbatar kin cire shi daga banki da imel, don kamfani na sake sayar da lambar ga wani.

Wasu za su ce miki ai lambar asusu da adireshi ba komai ba ne. Jeremy Clarkson, wanda ya yi suna wajen gabatar da shirin motoci a Ingila, haka ya ce, har ya buga lambar asusunsa a jarida don ya nuna mutane na zuzuta abin. A farkon 2008 ya dawo ya rubuta da kansa cewa ya yi kuskure, wani ya yi amfani da su ya saita cire fam 500 daga asusun zuwa wata ƙungiyar masu ciwon suga.

Abu ɗaya da nake so ki sa a ranki cikin makonnin nan, za a sake kiran ki. Wani zai ce shi jami'i ne ko lauya ko gwanin kwamfuta, ya ji abin da ya same ki, ya gano inda kuɗin suke, ki biya ɗan kuɗin aiki ko ki karanto wani kod a dawo miki da su. Zai san adadin da aka cire miki daidai, kar wannan ya ruɗe ki, ya sani ne don ko dai shi ya cire ko kuma ya sayi sunanki a jerin waɗanda aka taɓa ci. Ki ce masa za ki kira da kanki, ki kashe, ki kira lambar bayan kati. In kuma sabis ya sake ɗaukewa a wayarki alhali na kusa da ke mai layi irin naki nasa na aiki, ko ƙarfe biyun dare ne kar ki jira safiya, ki ari waya ki rufe asusun tukuna sannan a bincika ko netwok ne.